Ɗoki Ko Doki? Yadda Masoya Fim Ke Lanƙwasa Ƙa'idar Rubutu Daga Jibiya Zuwa Maraɗi

TUN kafin matafiyi ya isa shingen kwastan na Magama, sunan garin kansa ya riga ya rabu gida biyu. A allon hukuma da takardun gwamnati "Jibia" ake rubutawa. Malamin Hausa kuwa idan ya kama alli "Jibiya" zai sa, domin a ƙa'idar Hausa waɗannan wasulan biyu ba sa zama kafaɗa da kafaɗa sai da harafi a tsakaninsu. Da an tsallaka iyaka kuma sai abin ya ƙara rikicewa: garin farko da za a tarar shi ne Ɗan Isa, amma allon zai ce "Dan Issa". Madarumfa ta koma "Madarounfa", Tasawa ta zama "Tessaoua", Gidan Runji ya zama "Guidan Roumdji". Idan an buɗe baki dai Hausar ɗaya ce, alƙalami ne kowa da nasa.

To me ya haɗa wannan da harkar fim? Abubuwa da yawa. Ta irin wannan hanya ce, daga Kano zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Jibiya, daga nan a faɗa Maraɗi, kaset-kaset na finafinan Hausa suka riƙa ƙetarawa zuwa Jamhuriyar Nijar tun daga shekarun 1990. Su kuma masu kallo na can ba su yi shiru ba. Sun riƙa maido da amsa a rubuce, da wasiƙa da katin gaisuwa, daga baya da tes na waya. Kuma sun rubuta ta ne yadda zuciya ta ba su, ba yadda littafin ƙa'idojin rubutu ya ce ba.

Dangi ɗaya, makaranta biyu

Duk wanda ya san tarihin yankin ya san cewa Bamaraɗe Bakatsine ne. Bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar da aka kora ne ya yi arewa ya kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo daga baya suka ja layi a tsakani, suka kakkafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Layin bai hana auratayya ba, bai hana cin kasuwa ba. Abin da ya yi shi ne ya raba yaran gida ɗaya zuwa aji biyu: na wannan gefen suna firamare suna haddar A B C da Ingilishi, na wancan gefen suna lakwal, mushe yana koya musu da Faransanci.

Daga nan rikicin alƙalami ya samo tushe. Yaron da ya yi lakwal, hannunsa ya saba da cewa sautin "u" ana rubuta shi "ou", sautin "c" kuma "tch", "j" ya zama "dj". Idan zai rubuta gida sai ya sa "guida", domin a Faransanci idan "g" ta haɗu da "i" kai tsaye wani sauti daban take bayarwa. Haka nan "s" guda ɗaya a tsakanin wasula biyu "z" ake karanta ta, dole ya ninka ta. Wannan shi ne sirrin Moussa da Issa da Haoussa. Ba wai yaron bai iya Hausa ba ne. Hausa kam a bakinsa ta fi ta wasu 'yan birni da dama tsabta. Kayan aikin da aka ba shi ne ya yi amfani da su.

Saboda haka idan saƙon mai kallo ya fito daga Maraɗi ko Damagaram, irin fasalin da za a gani shi ne "sannou da aiki", "mouna godiya", "a tchikin wannan film". Wanda ya saba, karantawa yake yi tsaf ba tare da tuntuɓe ba. Amma akwai inda ake yin karo mai ban dariya. A Faransanci "ch" shi ne "sh" na Hausa, a Ingilishi kuwa "ch" shi ne "c". To ga budurwa a Maraɗi ta ga ɗan wasan da take ƙauna, ta rubuta "ina son chi", nufinta ina son shi. Ɗan Kano ya ɗauka ya karanta "ina son ci". Ita tana zancen soyayya, shi ya ɗauka yunwa ce ta dame ta!

Ko a babban fim ma an ga haka. A 1986 darakta Med Hondo ya fitar da fim kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi fito-na-fito da sojojin Faransa a 1899. An ɗauko labarin ne daga littafin marubucin Nijar Abdoulaye Mamani, kuma fim ɗin ya cinye babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Sunan fim ɗin? "Sarraounia". Kalmar nan ce dai da ke jikin kamfanin Sarauniya Films na Kano, masu "Sangaya", fim ɗin da ya girgiza kasuwa a 1999. Kalma ɗaya, harafi tara a nan, harafi goma a can.

Laifi tudu ne

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a tsakanin wasu matasan Nijeriya, ta yi wa rubutun 'yan Nijar dariya, wai ba su iya Hausa ba. Gaskiya wannan rashin adalci ne, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai yin dariyar shi ne fa zai juya ya rubuta "xan xo" a maimakon zan zo, "ngd" a maimakon na gode, "ykk" a maimakon yaya kake, "wlh" a maimakon wallahi. Babu harafin "x" a baƙaƙen Hausa ko na rantsuwa. Shi ne kuma zai mai da A'isha "Aysher", Maryam "Maryerm", Khadija "Khadeejerh". Idan ɗan Maraɗi ya aro "ou" daga Faransa, ɗan Kano daga Ingila ya aro "ee" da "oo".

Su kansu taurarin ba a bar su a baya ba. Mawaƙi kuma ɗan wasa Umar M. Shareef da "ee" yake rubuta sunansa. Ga Momee Gombe. Da Ali Nuhu ya fitar da fim ɗinsa na 2017 wanda ya fito da sababbin fuskoki irin su Maryam Yahaya, "Mansoor" ya rubuta a fosta, ba "Mansur" ba, kuma babu wanda ya fasa kallo saboda haka. Rakiya Moussa ta shigo masana'antar daga Nijar da "ou" ɗinta da "ss" ɗinta, ba ta canja ba, kuma da sunan aka san ta. Ita kuwa mawaƙiya Binta Labaran, haifaffiyar Maraɗi, wani ya rubuta Fati Nijar, wani ya rubuta Fati Niger, duk ita ce dai. Kai, sunan masana'antar ma fa? "Kannywood", wanda aka fara gani a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji a ƙarshen shekarun 1990, da za a bi ƙa'ida "Kaniwud" ya kamata a rubuta. Wa zai yarda?

Gajarta kalmomi kuwa yana da dalilinsa na aljihu. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, kuma saƙon tes guda ɗaya harafi 160 yake ɗauka. Ka wuce haka, kuɗin saƙo biyu za a cire maka. Saurayin da yake son ya zuba gaisuwa da yabo da addu'a da roƙon hoto duk a saƙo ɗaya, dole wasula su sha wuƙa. Sannan wayoyin wancan lokaci ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ko da wayar ta san su ma, da zarar ɗayansu ya shiga saƙo sai tsarin ya canja, harafi 160 ya dawo 70. Wato mai bin ƙa'ida shi ke biyan tara. Haka aka raini tsara guda na masu rubutu ba tare da ƙugiya ba.

Abin da takarda ba ta iya ɗauka

Amma duk wannan bayanin bai taɓo zuciyar maganar ba. Akwai karya ƙa'idar da ba rashin sani ya kawo ta ba, ba kuma tsadar tes ba. Da gangan ake yin ta.

Mai karatu ya lura da wani abu: rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar "gado" a takarda, ko na kwanciya ne ko na dukiyar mamaci, sai jimla ta raba gardama. Masana ne kawai a ƙamus suke ninka wasali ko su ɗora masa alama. Hausar baki kuwa rabin daɗinta a murya yake. Idan Bahaushe ya ce abu yana "can", yana nesa. Idan ya ja ta ya ce "caaan", to ka ɗaura ɗamarar tafiya. Idan ya ce "tuni" an gama. Idan ya ce "tuuuni", har an manta. Littafin ƙa'ida bai tanadi wurin wannan ja ɗin ba.

To yarinyar da ta gama kallon fim hawaye na zuba, ta ɗauki biro za ta rubuta wa 'yar wasan da ta sa ta kuka, "sosai" mai harafi biyar ba zai ishe ta ba. Sai ta rubuta "sosaiiiii", ta jera alamar motsin rai guda bakwai, ta sa sunan tauraruwar da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Malamin jarrabawa zai zagaye duk wannan da jan biro, kuma yana da gaskiyarsa. Amma wadda aka rubuta wa ta ji muryar, kamar a kunnenta aka faɗa. Abin da yarinyar ta yi shi ne ta maido wa takarda abin da boko ya ƙwace mata.

Wannan al'ada ba da fim ta fara ba. Ma'abota shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna sun daɗe suna cika kati da jerin sunaye da laƙabi da kirari, babu aya babu waƙafi, kuma masu saurare daga Nijar suna cikin 'yan gaba-gaba. Da mujallun fim suka zo, irin su Fim wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a watan Maris na 1999, shafin wasiƙu ya gaji wannan ɗumin. Da ganin adireshi ma an san daga inda takarda ta fito: na nan P.O. Box, na can B.P.

A nan ne duk editan da ya san aikinsa yake shiga tsaka mai wuya. Idan ya bar wasiƙar yadda ta zo, wasu masu karatu ba za su gane ba. Idan ya gyare ta tas, ya mai da "tahi" ta koma "tafi", "wanga" ta koma "wannan", "ɗiya" ta koma "'ya", "mishi" ta koma "masa", to ya mai da Bakatsine ko Bagobiri ɗan Fagge da ƙarfin tsiya. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. "Tch" da "ou" tufafin Faransa ne, ana iya tuɓe su ba a taɓa mutum ba. Amma "tahi" da "wanga" ba kuskure ba ne, karin harshen mutumin ne, haka uwarsa ta yi masa magana. Wanda ya goge wannan, mutumin ya goge.

Marubutan labarin fim ma sun san haka. A farkon harkar, tun daga "Turmin Danya" na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, galibi ba a rubuta kowace magana. Ana ba ɗan wasa gundarin fitowa ne shi kuma ya zuba nasa. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, wa ya isa ya rubuta masa abin da zai faɗa kalma bayan kalma? Amma yanzu da ake rubuta sikirif cikakke, musamman a finafinai masu dogon zango, marubucin da yake son ɗan wasa ya fito a Basakkwace ko mutumin Maraɗi dole ya rubuta maganar yadda za ta fita daga baki. Idan ya rubuta ta da daidaitacciyar Hausa, direban mota daga Jibiya zai buɗe baki ya yi magana kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai.

Su wa suka kafa dokar?

Ƙa'idar da ake ta magana a kai ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne suka zauna suka tsara. Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko a 1912. A shekarun 1930, a hukumar talifi ta Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, baƙaƙe masu ƙugiya suka zauna da gindinsu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Janairun 1939 ta yaɗa su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. UNESCO ta kira taro a Bamako a 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, sannan a 1980 masana daga Nijeriya da Nijar suka haɗu a Yamai don daidaita rubutun ƙasashen biyu. Gwamnatin Nijar ta fitar da nata tsarin a hukumance a 1999.

Abin mamakin shi ne, a hukumance bambancin da ya rage ɗan kaɗan ne. Mafi fitowa fili shi ne inda Nijeriya ke rubuta 'y kamar a 'ya'ya, Nijar na amfani da harafi mai ƙugiya, ƴ. Babu "tch" babu "ou" a ƙa'idar Nijar. Matsalar ita ce yawancin yaran can ba a koya musu ita a aji ba, duk da cewa tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram. Su kuwa tsofaffin malaman zaure na ɓangarorin biyu, da ajaminsu suke musayar wasiƙa, layin Bature bai taɓa shiga tsakaninsu ba.

Wannan faɗa tsakanin masu ƙa'ida da masu ɗoki an taɓa yin irinsa a kan littattafan soyayya. A shekarun 1990 an sha gwabzawa a shafukan jaridu, inda Ibrahim Malumfashi ya caccaki abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya wa marubutan. Cikin tuhumar da aka yi musu har da rashin bin ƙa'idar rubutu. Amma daga cikin waɗannan littattafai ne fim ya sami abinci: "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino, "Ki Yarda Da Ni" na Bilkisu Funtuwa. Littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990 "Alhaki Kuykuyo Ne" aka rubuta a bangonsa. Da aka mai da shi fim a 1998 sai ya koma "Alhaki Kwikwiyo". A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassararsa da Ingilishi. Rubutun ɗan kwikwiyon bai hana shi ƙetare teku ba.

Inda uzuri ya ƙare

Sai dai kar wani furodusa ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, an ba kowa lasisi. A'a. Uzurin da ake yi wa yarinyar da ta rubuta "sosaiiiii" bai shafi kamfanin da ya kashe dubban ɗaruruwa a lokeshin ba, sannan ya kasa neman wanda zai duba masa kalma uku da ke kan fosta. Ita ta san ƙa'idar ko ba ta sani ba, wani abu take son isarwa, kuma ya isa. Shi kuwa babu abin da yake isarwa sai ganganci.

Ƙugiya ba ado ba ce. Cire ta daga "ɗoki", sai zumuɗin masoyi ya koma dabbar hawa. Cire ta daga "baƙi", sai waɗanda suka zo ziyara su koma abin cin tuwo. "Ƙafa" ta koma "kafa", "ɓari" ya koma "bari", "ɗaiɗai" ya koma "daidai", ma'ana ta juye gaba ɗaya. Bahaushen da ya tashi da harshen zai iya cankar abin da ake nufi, shi ya sa "Dadin Kowa" na tashar Arewa24 kowa ke karanta shi "Daɗin Kowa" ba tare da tunani ba. Amma masu kallon finafinan nan ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Bazabarme a Yamai, akwai Buzu a Agadas, akwai matasan zango a Kumasi da Akara, da yawansu da fim suke ƙara gyara Hausarsu. Abin da suka gani a allo shi za su ɗauka daidai. Haka batun haɗewa da rabewa: "yana" ko "ya na", "gidansa" ko "gidan sa", har manyan jaridu ba su gama sasantawa ba, amma ko wanne mutum ya zaɓa ya kamata ya tsaya a kai, kar a ga iri uku a fosta ɗaya.

Kuma dalilin na'ura ya ƙare. Wayoyin yanzu suna da allon rubutu na Hausa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ duk suna nan, dannawa kawai ake yi. Saƙon WhatsApp ba ya ƙirga harafi. Matashin da har yanzu yake rubuta "xan xo" ra'ayi ne, salon tsararsa ne, kuma tsakaninsa da abokinsa babu mai hana shi. Amma idan burinsa ya zama marubucin fim, ranar da zai miƙa wa darakta labari, dole ya san wace doka ce yake lanƙwasawa da kuma dalili.

Hanyar Jibiya kanta ta ga sauyi. Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba mimori wuri, yanzu fim yana isa Maraɗi ta YouTube a daidai minti ɗin da ya isa Kano, bai san duwan ba bai san kwastan ba. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta takura wa yankin shekara da shekaru. A duk tsawon wannan lokaci fatake sun sha wuya, amma saƙonnin masoya fim ba su tsaya ko na kwana ɗaya ba, masu "ou" da masu "oo" suna ta yabon tauraro ɗaya a ƙarƙashin waƙa ɗaya.

Wani sabon babi kuma ya buɗe a Maris na 2025, lokacin da sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Idan har wannan ya sauka daga takarda ya shiga aji, to ƙannen masu rubuta "mouna son chi" za su tashi da "muna son shi", kuma za su iya ƙugiya tun suna ƙanana. A lokacin, mai yiwuwa daga Maraɗi ne za a fara aiko da wasiƙar gyara ga masu buga fosta a Kano.